Wanda Ya Ba Torquil Baiti

Litinin, 4 ga Satumba, da yamma

Ruwa ya ɗauke tun da hantsi, don haka 'yan fim sun samu sun yi aiki. Na dafa romon rago na kai musu bakin teku, 'yan Glasgow ɗin nan suka cinye tas har da kankare gindin tukunya. Tam, mai ɗaukar hoto, ya ce, "Gimbiya, ki ce e kawai, yau ɗin nan in saki matata." Na ce masa ya fara wanke wuyansa tukuna.

Torquil ya shigo gida yana fito. Ya haura saba'in, amma in aiki ya tafi daidai sai ya koma yaron nan da nake kora daga bakin tukunya. Ƙanena ne, ni na yi rainonsa, saboda haka duk yabon da jaridu ke zuba masa bai taɓa hana ni sa shi cire takalmi a bakin ƙofa ba. Tun yana saurayi yake fim a ƙasashen mutane. An harbe shi, an rataye shi, an jeho shi daga jirgin ƙasa, har Mama ta daina kallo, ta ce ba za ta iya binne ɗa ɗaya kowace shekara ba. Yanzu ya dawo tsibiri zai yi nasa, da harshenmu, da mutanenmu. Shi ya tsara labarin, shi ne darakta, shi ne kuma tsohon da labarin yake kansa.

Saura fitowa ɗaya, kuma ita ce babbar. Tsoho shi kaɗai a kangon Ardvanish, ƙauyen da aka haifi Babanmu, yana bin gidajen da suka rushe yana kiran sunayen waɗanda suka zauna a ciki kafin kowa ya watse. Torquil ya ce a ɗauka ɗaya za a yi ta, babu yankewa. Ya ce saboda ita ya yi fim ɗin gaba ɗaya, sauran duk hanya ce ta zuwa wurin.

Muna cin abinci ya tambaye ni ina na kai gishiri. Yana hannunsa. Muka yi dariya.

Na gode wa Allah da ranar yau, da gida cike da hayaniya.

Laraba, 6 ga Satumba, da la'asar

Mun je Ardvanish. Mota ba ta zuwa, dama rashin hanya ne ya kashe ƙauyen, don haka mazan garinmu suka taya ɗaukar kaya a kafaɗa. Ƙwarin nan masu cizo suka yi biki a wuyan Tam, ya zage su da Turancin da ba zan rubuta ba.

Torquil ya tsara komai kamar yadda ya saba. Ya duba sama, ya ce a matsar da kyamara taku kaɗan zuwa hagu, kuma da aka matsar kowa ya ga gaskiyarsa. Ya tsaya a gida na farko, ya kira mutanensa, murya tas. Na biyu haka. Da ya isa gidan Peigi mai shanu sai ya tsaya, hannunsa a kan dutsen ƙofa, bakinsa a buɗe.

Ya ce iska ce ta yi yawa. Aka sake. A nan dai ya sake tsayawa. Ya ce hasken ya lalace, a tashi.

Wannan mutumin da kansa ya tsara kalmomin nan. Wannan ne wanda ya taɓa haddace wasa guda cur tsakanin tashin jirgin ruwa da isarsa gaɓa, ina zaune kusa da shi ina amai a jaka.

Gajiya ce. Tun bazara bai huta ba.

Alhamis, 7 ga Satumba, da safe

Ruwa. Gajiya ce kawai.

Juma'a, 8 ga Satumba, da yamma

Kirsteen, yarinyar da ke riƙe da ragamar aikin, ta kawo dabara. Wani ɗan mitsitsin abu ake sa wa a kunne, mutum na can gefe yana karanta maka. Ta ce manyan jarumai duk suna yi, ba abin kunya ba ne. Torquil ya ce manyan raggwaye dai. Amma ya sa.

Abin ya ƙara dagulewa. Da muryar ta shiga kunnensa sai ya riƙa waige-waige yana neman mai magana. Ya fizge abin ya jefar cikin ciyawa, ya daka wa mai ɗaukar sauti tsawar da ban taɓa jin ya yi wa ma'aikaci ba. Baiwar Allah ta yi tsuru-tsuru. Daga baya ya je ya ba ta haƙuri, amma na ga a idonsa bai tabbatar da laifin da yake ba da haƙuri a kai ba.

Sai Tam ya ce a rubuta a manyan kwalaye a ɗaga masa. Ni ce na ce kada a ɓata kwali. Torquil ba ya karanta Galik, harshenmu na tsibiri. A makarantarmu Turanci kaɗai aka koya mana, in ka yi harshen gida ka sha bulala. Ni a coci na koya daga baya, shi kuwa a lokacin ya riga ya tsere Glasgow yana jan labule a gidan wasa. Fim ɗin nan da baki ya faɗa, ni na buga masa a takarda duk damina. Kirsteen ta dube ni kamar na ce mata teku ta ƙafe.

Abin godiya na yau: ya ci abinci sosai, har ya nemi ƙari.

Asabar, 9 ga Satumba, da rana

Na neme shi na rasa, can na same shi a rumfar saƙar Baba, zaune a gaban masaƙa. Abin da ya tambaye ni ba zan rubuta ba. Na ce masa shayi na hucewa, ya taso ya biyo ni.

Lahadi, 10 ga Satumba, bayan sujada

Ba aiki yau, kuma 'yan Glasgow kamar za su haukace. Tam ya shanya wandunansa a igiyata, ranar Lahadi, a bakin hanyar coci! Na kwashe su kafin gari ya gani. Ya ce, "Haba Gimbiya, wando ne fa, ba giya ba." Na ce a nan garin gara a gan ka da giyar.

Murdo Alick, dattijon cocinmu, shi ne ya ba da baiti kamar kullum, yana jan waƙar ibada layi-layi mu kuma muna karɓa. Muryarsa ta fara tsufa amma har yanzu tana kai wa bangon baya. A bakin ƙofa ya gaishe ni, ya tambayi tumaki, bai tambayi wanda ke kwana a gidana ba. Ban yi tsammani ba dama.

Tare suka tashi da Torquil, kullum suna bakin ruwa ƙafa ba takalmi. Abin da ya raba su fim ne. Farkon fitar Torquil aka ba shi rawar dattijon coci munafuki, na ban dariya, shi kuma da rashin hankalin ƙuruciya ya ɗauko tafiyar mahaifin Murdo Alick da irin gyaran muryarsa kafin ya ba da baiti, bai rage komai ba. London ta yi dariya. Tsibiri ma ya gani, kowa ya gane. Tsohon bai sake miƙewa a gaban jama'a ba har ya mutu. Tun daga nan in Torquil ya biyo hanya Murdo Alick sai ya tsallaka ɗaya gefen, kuma da aka zo neman mutanen gari su fito a fim ɗin nan, gidansa kaɗai ba a ƙwanƙwasa ba.

Ban taɓa cewa Murdo Alick ba shi da gaskiya ba.

Talata, 12 ga Satumba, da hantsi

Kirsteen ta shigo kicin ta rufo ƙofa. Na zuba mata shayi, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"Misis Maclennan, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Don Allah kar ki yi min haka. Kakana ma haka ya fara."

Na ce mata burodina zai ƙone. Ta jira har na gama buɗe tanda da rufewa, alhali ba komai a ciki.

Ta ce jirgin ruwan Asabar ɗin mako mai zuwa shi ne ƙarshe. Tam na da wani aiki a wata ƙasa, kayan haya ne, kuma in kaka ta shiga hasken ba zai dace da wanda aka riga aka ɗauka ba. In ba a samu fitowar ba, masu kamfanin za su ce ko a ɗauko wani a nuna shi ta baya a ɗora murya, ko a ajiye fim ɗin. Ta ce ba ta faɗa musu komai ba, ta ce musu ruwa ne ya hana.

"To ai ba ƙarya kika yi ba, 'yar nan, ruwan ma ana yi."

Sai ta fashe da kuka, ni kuma na ƙare da lallashin wadda ta zo lallashina. Yarinya ce ta gari. Ina jin haushin gajeren wandonta, amma na gode wa Allah da ya haɗa ƙanena da ita.

Alhamis, 14 ga Satumba, da yamma

Mun je gari wurin likita. Na ce wa Torquil ƙafata za a duba, ya raka ni.

Asibiti ya ɗauka. Masu jinya suka yi layi ana hoto, shi kuwa sai rabon murmushi yake. Likitar ta ba shi wasu kalmomi ta ce ya riƙe, za ta tambaye shi an jima. Da ta tambaya sai ya ba ta labarin yadda doki ya taɓa jefar da shi a Spain, har da kwaikwayon dokin. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta sake tambaya a hankali. Ya dube ni.

Ta faɗi sunan abin. Na san sunan tun zamanin Mama, ba sai an koya min ba.

Abin da na gode mata, shi ta kalla tana magana, ba ni ba. A zamanin Mama ta saman kanta ake magana kamar kujera ce.

A hanyar dawowa ya ce, "To ya ƙafar taki?" Na ce da sauƙi.

Juma'a, 15 ga Satumba, da rana



Mun shiga kanti sayen madara, sai ga Murdo Alick a gaban kanta da hularsa ta zuwa gari. Na kamo hannun Torquil zan juya da shi, ya fizge. Fuskarsa ta washe gaba ɗaya.

"Ƙaguwa! Kai, Ƙaguwa, ashe kana nan!"

Sunan yarinta ne, don a karkace yake gudu yana ƙarami, kuma tun da ya zama dattijon coci ko matarsa ba ta isa ta faɗa ba. Torquil ya rungume shi yana bubbuga bayansa.

"Ina ka shige ne? Kullum sai na ce zan leƙo. Ya Baba? Yana nan da muryar nan tasa? Ka gaishe min shi, ka ce masa babu kamarsa a duk tsibirin nan."

Na rufe ido ina jiran abin da zai biyo. Murdo Alick ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kalle ni ta saman kafaɗarsa. Fuskata ba ta iya ɓoye komai ba.

"Zai ji," in ji shi.

Ya ɗauki jaridarsa ya fita, ya bar canjinsa a kan kanta.

Asabar, 16 ga Satumba, da magariba

An sake gwadawa. Ko gidan Peigi bai kai ba.

Lahadi, 17 ga Satumba, da la'asar

Na fito da safe na tarar da shi zaune a kicin cikin baƙar kwat, ya taje gashi da ruwa. Ya ce, "Ke kullum sai kin makarar da mu." Rabonsa da coci tun jana'izar Mama. Ban yi gardama ba. Tam ma ya biyo mu, wai yana son ya ji abin da ke sa gari ya mutu duk Lahadi.

Muka zauna a bencinmu na da. Wuyan mutane ya sha juyi.

Murdo Alick ya miƙe ya ba da baitin farko shi kaɗai, jama'a suka karɓa, kowa yana ja da nasa numfashin, kafin su sauke ya ɗora na biyu a kai. Sai na ji murya a gefena. Torquil ne. Yana karɓar kowane baiti daidai, ba tuntuɓe, ba waige, idonsa a rufe. Waƙa doguwa, har ƙarshe bai faɗi ko sau ɗaya ba. Bai buƙaci ya riƙe komai ba, an miƙo masa ya karɓa, an miƙo ya karɓa, yadda aka yi mana tun ba mu iya ɗaura takalmi ba.

Ban ji huɗubar ba, Allah ya yafe min.

A waje Tam ya ce, "Ba kiɗa, ba littafi, amma gashin jikina ya tashi. Wannan tsohon nawa yake karɓa?" Na taka masa ƙafa. Sai ya rage murya ya ce, "Kin ji abin da na ji, ko?" Na ce yau Lahadi ce, ba a maganar aiki.

Amma ni ma maganar aikin nake yi a zuciyata duk yini.

Litinin, 18 ga Satumba, da hantsi

Na sa hular zuwa unguwa na tafi gidan Murdo Alick da takardun fitowar a jaka. Yana gyaran shinge. Bai ajiye guduma ba.

"Dolina 'yar Masaƙi. Lafiya da sassafe?"

Na faɗa masa ba kwana-kwana. Ya tsaya a bayan kyamara ya ba Torquil layi ɗaya-ɗaya, kamar yadda yake yi a coci. Ba za a gan shi ba, muryar ma za a goge.

"Kin san abin da kike roƙo kuwa? Muryar da nake tsayawa da ita gaban Ubangiji, ita zan kai wa 'yan wasan kwaikwayo? Kuma shi? Shi fa?"

"Shi ɗin."

"Ya manta, shi ke nan ya huta. Ni da ban manta ba fa? Ni na riƙa kai tsohon nan coci yana zama a bencin baya kamar baƙo."

Na ce na sani, ina nan aka yi. Na ce ban zo in ce ya yafe ba, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Na ce amma ƙanena yana nutsewa ina kallo, kuma a duk tsibirin nan muryarsa kaɗai yake bi.

Ya buga ƙusa har ta lanƙwashe. Ya ce a'a, kuma in gaida gida.

Na ajiye takardun a kan dutsen shingen na ɗora musu wani dutse. Ban yi fushi ba. Ƙarya nake, na yi, har na zagi tunkiyar da ba ta yi min komai ba a hanya.

Talata, 19 ga Satumba, da yamma

Yau Torquil ya tashi garau, kamar an wanke gilashi. Muna ɓare dankali ya ce, "Dolina, ba ƙafarki aka je dubawa ba."

Na ce a'a.

"Irin na Mama ne?"

Na ci gaba da ɓare dankalin da ba sauran ɓawo a jikinsa.

"Ki ji. Duk rayuwata maganar wasu nake faɗa, da bakin wasu. Na yi ɗan sanda, na yi ɗan fashi, na yi mashayi ya fi a ƙirga, don in suka ji harshena abin da suke gani ke nan. Wannan kaɗai ce tawa. In na kasa, kar ki bari su sa wani ya juya baya a ce ni ne. Gara a kulle shi a akwati."

Na yi masa alkawari.

"Kuma ki daina sa min ido kamar madara a wuta. Kina sa ni tsoro."

"To cire ƙafarka daga kan kujerata."

Ya yi dariya, na yi. Ina ƙaunar yaron nan har cikin ƙashina, kuma ban taɓa faɗa masa ba, don ba a haka aka rene mu ba. Na ƙara masa man shanu a dankalinsa.

Na gode da yau. Ko ita kaɗai aka ba ni, na gode.

Laraba, 20 ga Satumba, da rana

Iska kamar za ta ɗauke rufi. Takardun da na bari a shingen Murdo Alick yanzu sun kai Norway.

Alhamis, 21 ga Satumba, da sassafe

Gari ya waye tas. Kirsteen ta ce in ba yau ba, babu sauran dama. Torquil ya tashi ba garau ba, ya kira ni da sunan Mama. Zan sa takalmin roba.

Alhamis, da magariba

Bari in rubuta tun ƙafata ba ta huce ba.

Mun isa Ardvanish muka tarar da mutum zaune a kan katangar gida na farko, da baƙar kwat da sanda, takardu a cinya. Murdo Alick. Ya riga mu, shi kaɗai ya ratso fadamar nan da gwiwarsa mai ciwo.

Bai gaishe da kowa ba. Ya nuna Kirsteen da sanda. "Ke ce shugaba? An yi kuskure a nan. An sa gidan kakata a hannun dama. A hagu yake, ga shi can, mai dutsen niƙa a ƙofa. Kuma 'ya'yanta tara ne, an bar Effie. In za a kira mutane a kira su daidai. Abin da ya kawo ni ke nan."

Kirsteen ta ce, "Mun gode, ranka ya daɗe," har da ɗan rusunawa. Tam ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Kuma ba waƙa zan yi ba. Faɗa kawai zan yi."

Torquil ya ce, "Ƙaguwa, matsa daga nan, inuwarka na shiga hoto." Ya matsa.

Aka fara. Murdo Alick ya karanto layi a bushe, kamar mai sanarwar gwanjon tumaki. Torquil ya maimaita yana kallonsa, a bushe shi ma. Aka tsaya, aka sake, haka dai. Rana na tafiya, Tam na duban sama yana cizon leɓe.

A karo na gaba ne abin ya faru, kuma na rantse ba da niyya ba. Murdo Alick ya ninke takardun ya sa a aljihu, don dama ya fi takardar sanin mutanen. Ya gyara murya, irin gyaran nan na mahaifinsa sak. Mutumin da ya shekara arba'in yana ba da baiti ba ya iya miƙa wa wani magana ta wata hanya. Muryar ta ɗaga da kanta, ta ja, ta karye a ƙarshe yadda take yi duk Lahadi.

Torquil ya daina kallonsa. Ya juya ga duwatsun. Ya karɓa, ba da waƙa ba, da magana, a hankali, kamar yana gaida mutanen da ke zaune a ƙofar gidajensu. Kafin ya sauke an miƙo na gaba. Ya wuce gida na farko, ya wuce na biyu. Ya dafa dutsen ƙofar Peigi mai shanu, ya kira ta da mijinta da ɗansu da teku ta ci, ya wuce. Tam na binsa da kyamara a kafaɗa yana tafiya da baya, wani na riƙe da bel ɗinsa kada ya faɗa rami.

Mutanen garin da suka ɗauko kaya suna tsaye a bayana. Kakanninsu ake kira. Can na ji wata tsohuwa ta fara karɓa ƙasa-ƙasa, sai wani, sai wani. An ce musu kowa ya yi shiru, amma in an ba da baiti a gabanmu ba mu san yadda ake ƙin karɓa ba. Ni ma na ji bakina na motsi.

Gida na ƙarshe na kakanmu ne, inda aka haifi Baba. Murdo Alick ya buɗe baki, Torquil ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiga ba. Shi kaɗai ya yi wannan. Ya kira Kaka da Kakanmu, ya kira Baba da 'yan uwansa bi da bi, har da wata jaririya da ta kwana biyu a duniya, wadda ba ta cikin takarda, wadda ni kaina na manta an taɓa yi. Sannan ya ce a yanke, ya juya ga Tam ya tambaye shi ko hasken ya riƙe.

Tam ya gyaɗa kai.

Mai ɗaukar sauti ta zo jiki a sanyaye ta ce akwai matsala. Muryoyin sun hau juna, ba yadda za a goge ta dattijon, balle ta jama'a.

"Wa ya ce ki goge?" in ji Torquil.

Duk muka juya ga Murdo Alick. Ya daɗe yana haƙa ƙasa da bakin sandarsa.

"Kada dai a rubuta sunana. Kuma kada a nuna shi ranar Lahadi."

A hanyar dawowa su biyu suka riƙe juna, gurgu da mai mantuwa, suna musu a kan wanda ya fasa tagar makaranta. Na bi bayansu ina kuka ban damu da wanda ya gani ba.

Asabar, 23 ga Satumba, da rana

Sun tafi. Tam ya sumbaci hannuna a gaban kowa a bakin jirgi, na kai masa duka da jaka. Kirsteen ta ce za ta riƙa kira, kuma na yarda za ta yi. Ta ce min Dolina, ba Misis ba, ban gyara mata ba.

Gida ya yi faɗi. Na dafa romo da yawa saboda sabo, na aika wa Murdo Alick rabi.

Litinin, 25 ga Satumba, da hantsi

Na sauko na tarar da shi a bakin ƙofa cikin rigar tsohon fim ɗin, ya ɗaura takalmi, fuskarsa duk damuwa.

"Ina su Tam? Rana na tafiya. Dolina, saura fitowar Ardvanish, kuma ban jin na riƙe ta."

Na zaunar da shi. Na ce, "An gama, Torquil. Ranar Alhamis ka yi ta."

"Na yi?"

"Ka yi. A ɗauka ɗaya."

"Duka gidajen? Ban bar kowa ba?"

"Ko mutum ɗaya ba ka bari ba."

Ya riƙe kansa da hannu biyu ya yi wata irin dariya, idonsa ya kawo ruwa, ya tashi ya ɗaga ni sama har sai da na ce zai karya min haƙarƙari. Ya ce a soya ƙwai, yau biki ne.

Na soya. Muna cikin ci ya dubi taga, ya ajiye cokali, ya ce rana na tafiya, ina su Tam.

Na sake faɗa masa. Murnar ta dawo sabuwa fil, ba ta ragu da komai ba.

Na san abin da ke gabanmu, na taɓa bin hanyar nan da Mama, kuma ita ba ni da wani labari mai daɗi da zan riƙa ba ta. Shi ina da. Ga shi can ya sake nufo kicin da hularsa a hannu, bari in ajiye alƙalami in je in yi masa albishir.